Dokar Man Fetur ko Shari'ar Iyali da Gado: Wanne Ya Fi Dacewa da Ɗalibar Lauya a Jos?

Wata ƙanwarmu da ke aji huɗu a fannin lauya a nan Jos ta yi tambaya cewa an ba su damar zaɓen kwas ɗaya, zuciyarta kuma ta rabu tsakanin dokar man fetur da iskar gas, da shari'ar Musulunci ta iyali da gado, tana tsoron kada zaɓin yau ya rufe mata wata ƙofa gobe.

Malama, ki kwantar da hankalinki game da zama lauya, domin babu ɗaya daga cikin biyun da zai hana ki shiga Makarantar Horar da Lauyoyi, ko a Bwari aka tura ki ko a Bagauda. Abin da ake dubawa shi ne kwasakwasan dole, irin su tsarin mulki, kwangila, laifuffuka, filaye, shaida da dokar kamfanoni. Inda zaɓin yake tasiri shi ne irin aikin da zai fara zuwa teburinki.

Dokar man fetur tana da kwarjini, musamman tun da aka sa hannu a kan dokar masana'antar man fetur a 2021, wadda ta kafa NUPRC da NMDPRA, hukumomi biyu masu sa ido a kan harkar mai, ta mayar da NNPC kamfani, ta kuma wajabta wa masu haƙo mai su ware kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwarsu domin al'ummomin da suke aiki a yankinsu. Sai dai aikin ya taru ne a Legas da Abuja da Fatakwal, a hannun manyan ofisoshin lauyoyi ƙalilan waɗanda suka fi duba darajar digiri, kuma mafi yawan abin da sabon lauya yake yi a can karatun yarjejeniyoyi ne, wato ilimin kwangila da na kamfanoni wanda dama dole ne ki yi.

Shari'ar iyali da gado kuwa aikinta yana bakin ƙofa. A ce magidanci ya rasu a unguwar Gangare ya bar gida ɗaya, da mata biyu, da 'ya'ya maza da mata, da mahaifiya a raye. Lauyan da ya san matan za su raba tumuni ɗaya ne (kashi ɗaya cikin takwas) a tsakaninsu, uwa tana da sudusi (kashi ɗaya cikin shida), ɗa namiji yana ɗaukar rabon 'ya'ya mata biyu, kuma ba a taɓa komai sai an biya bashi an fitar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi (kashi ɗaya cikin uku) ba, shi ne iyalin za su nema, su kuma faɗa wa maƙwabta. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure, riƙon yara, wasiyya, kyauta, waƙafi da gado, kuma Filato tana da irin wannan kotu. Haka nan harkar kuɗi marar ruwa, tun daga buɗe bankin Jaiz a 2012 zuwa sukuk ɗin gwamnatin tarayya na 2017 (takardun lamuni marasa ruwa), tana neman masu wannan ilimi. Amma kada ki ɗauka kwas ɗaya ya isa a naɗa mutum Kadi, wato alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Can ana neman shaidar ilimin shari'ar Musulunci da Majalisar Alƙalai ta Ƙasa ta amince da ita, abin da ya sa masu wannan buri suka fi nufar jami'o'in Zariya ko Kano.

A ganina, babban bambancin shi ne wanda ya fi sauƙin koyo daga baya. Dokar man fetur ana iya kama ta a digiri na biyu ko a bakin aiki, tunda rubutattun dokoki ne da suke sauyawa lokaci zuwa lokaci, amma lissafin gado da ƙa'idojin mazhabar Malikiyya suna buƙatar malami da zama, kuma da wuya lauya mai zirga-zirgar kotu ya sami wannan sukuni. Saboda haka idan a Jos ko wani garin Arewa kike son kafa kanki, ki ɗauki shari'ar iyali da gado. Idan kuma Abuja kika sa gaba, kuma makinki a kwangila da dokar kasuwanci yana da kyau, ki ɗauki man fetur, sannan ki nemi ofishin da ke wannan harka ki yi hutun ƙarshen zango a can kafin ki shiga aji biyar.