Motar da nake hawa da yarinya daga Kumasi zuwa Accra, da waɗanda na daina hawa

Sau ɗaya a wata, sau biyu idan Sallah ta matso, nakan rufe shagona a Alabar in tafi Accra sarin kaya: leshi, mayafai da takalman mata daga kasuwannin Makola da Okaishie. Tun da aurena ya mutu ba ni da wanda zan bar wa ɗiyata kwana biyu, ciwon ƙafa ya zaunar da mahaifiyata, don haka ƙafata ƙafarta. Shekararta huɗu yanzu, tun tana goye take bin hanyar nan. Mata da dama a unguwannin Aboabo da Asawase sun tambaye ni wace mota ta fi dacewa da mai yaro, to ga abin da idona ya gani.

Hanyar kusan kilomita 250 ce, ta Ejisu, Konongo, Nkawkaw, Bunso, Suhum da Nsawam. A bakin direba awa huɗu ce. Ke dai ki sa biyar zuwa shida a ranki, domin tirelolin da ke kai kaya arewa har Burkina Faso duk nan suke bi, ga cunkoson da ke jiran mutum daga Nsawam zuwa Pokuase da Ofankor. Duk motar da za ki zaɓa, ki auna ta da awa shida da yaro a jikinki.

Jirgin sama bai kai awa ɗaya ba, amma tikitin mutum biyu zai cinye ribar sarin, kuma buhunana ba su da wuri a ciki. Jirgin ƙasa na fasinja babu shi tsakanin garuruwan biyu. Bas ɗin kamfanin STC ta gwamnati ce, tana tashi a kan lokacin da ta sanya, ta dace da ma'aikaciyar ofis da ta san ƙarfe nawa za ta fita daga gida. Ni da zazzaɓin dare ɗaya ke iya rushe mini shiri, ba na iya yi wa agogo alkawari.

Babbar bas ta kamfanin VIP da ke tashi daga tashar Asafo ita ce tawa, kuma ba na ɓoyewa. Motoci ne bi-da-bi, dare da rana, wannan na cika ta tashi a jawo ta bayanta, saboda haka in na makara da awa ɗaya ban yi asarar komai ba. A taga ake yankar tikiti, a ba ki takarda a hannu. Iri biyu ne: mai kujera huɗu a jere, da mai kujera uku masu faɗi wadda ta fi tsada. In ciniki ya yi kyau nakan hau mai uku, in bai yi ba mai huɗun ma ta wadatar. Abin da ba na ragewa shi ne kujerar yarinya. Na daɗe ina ɗora ta a cinya don in rage kuɗi, in sauka ƙafafuna sun kumbura, bayana ya riƙe, in shiga kasuwa a haka ina ciniki kai ba daidai ba. Ranar da na fara yanka mata nata tikitin, ta kwanta ta taga ta yi barci tun daga Konongo, ni ma na runtsa har sai da duwatsun Kwahu suka bayyana a Nkawkaw. Uwar da ke riƙe gida ita kaɗai ba ta cika samun barcin awa biyu ba wanda zai tashe ta, a wannan kujerar nake samun nawa.

Ki nemi tsakiyar mota, baya yana jijjiga kuma yana tayar wa yaro zuciya. Sanyin cikin manyan bas yana da ƙarfi, ki tafi da rigar sanyi da safa da zani guda na lulluɓa. Galibi akan tsaya a wurin hutawar matafiya na Linda Dor da ke Bunso na 'yan mintuna. Ki fara kai yaro bayan gida kafin komai, da canji a hannu, sannan ki yi alwala. Kafin ki sauka ki haddace lambar motarki, don motoci iri ɗaya sukan jeru a wurin. Abinci daga gida nake ƙullo shi, ƙosai da burodi da kunu a fulas, ban cika sayen nama a hanya ba. A Circle da ke Accra ake sauke mu, daga nan zuwa unguwar Nima ba nisa.

Ƙananan bas ɗin da ake kira Sifirinta sun fi araha, sun fi gudu, ni kuwa gudun ne ba na so.

Wata irinsu ce ta ƙona ni. Shekara biyu da suka wuce na fito a makare, wani saurayi ya tare ni tun ban kai tasha ba, ya sure jakata yana cewa, “Hajiya, zo nan, saura mutum biyu mu tashi.” Na leƙa na ga mota ta kusa cika, na biya. Ashe rabin waɗanda ke zaune ba matafiya ba ne, 'yan cika ido ne da ake zaunarwa. Duk fasinjan gaskiya da ya shigo, sai ɗaya daga cikinsu ya sulale kamar zai sayo ruwa. Awa uku muna cikin zafi, yarinya ta yi amai, na ce a mayar mini da kuɗina, yaron mota ya ce, “Mma, kuɗi ya shiga littafi.” Bayan Isha muka isa Accra, ranar ta tafi a banza. Tun daga lokacin, in zan leƙa mota sai in dubi kayan mutane: wanda zai yi tafiyar kilomita 250 ba jaka, ba leda, ba ko ruwan sha, ba matafiyi ba ne.

Kada ki bari kowa ya karɓi jakarki a bakin titi, ko da ya gaishe ki da Hausa ya kira ki 'yar'uwa. Mai goyo ko mai jan yaro ita suka fi nema, sun san hannunta ɗaya ne. Akwai kuma masu nuna miki wata doguwar mota a gefen hanya su ce duk kamfani ɗaya ne. Ki shiga cikin tasha da ƙafarki, ki biya a taga. Kuɗin kaya daban ake biyansa, ki yi cinikinsa kafin a ɗaga buhu, ki tsaya har ki ga an sa shi a but. Haka ma 'yan kayayo da za su ɗauko miki kaya daga Makola, ku yanke kuɗi tun kafin a ɗora, yawancinsu 'yan matan arewa ne masu neman halak, kada ki cuce su kada kuma ku yi rigima a gaban yaro.

Sai masu tallan magani da ke hawa mota kafin ta tashi, kwalba ɗaya wai tana maganin basir da shawara da haƙorin yara. Kada ki ɗura wa ɗanki abin da ba ki ga lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinsa ba. Ni ORS, wato haɗin ruwan gishiri da sukari, da farasitamol na yara nake saya a kyamis ɗin unguwa, katinta na inshorar lafiya ta NHIS kuma yana cikin jakata, ina sabunta shi ta *929# kafin ya mutu. Wanda ya kira ki kina tasha ya ce ya tura miki MoMo, wato kuɗi ta waya, bisa kuskure, ki kashe wayar, lambar sirrinki ba ta kowa ba ce. Matar da ba ki sani ba ta ce, “Kawo ta in riƙe miki ki shiga bayi,” ki gode mata ki shiga da 'yarki.

Yanzu bayan Asuba muke fita, mu isa Nima wajen Azahar, gidan yayata. Yarinya ta shige cikin 'yan'uwanta, ni kuma da yamma in zauna a yi mini kitso da lalle, abin da a Kumasi sai in yi wata biyu ban samu sukuninsa ba. Washegari da sassafe in shiga kasuwa ni kaɗai, hannu biyu a sake, kafin La'asar muna Circle da buhunanmu da tikiti biyu.