Faifan Strata-East da aka sake bugawa: abin da mai saye ya kamata ya sani

Wanda ya taɓa neman asalin faifan jazz na kamfanin Strata-East na shekarun 1970 ya san wahalar. Ga tsada, ga ƙarancin samu, kuma in an dace an samu sau da yawa allura na taɓa shi sai ka ji yana ƙara kamar ana toya wani abu. Saboda haka fitowar sabon bugun da kamfanin Mack Avenue ya fara a 2025 abin murna ne, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, sai dai ba kowane faifai ne daidai da ɗan'uwansa ba. Dalilin wannan bambanci yana cikin yadda aka gina Strata-East tun farko.

Makaɗa biyu ne suka kafa shi a birnin Niyok a 1971: Charles Tolliver mai busa tirampet da Stanley Cowell mai kaɗa fiyano. Sun naɗi aikin babbar ƙungiyarsu, Music Inc., manyan kamfanoni suka ƙi karɓa, sai suka buga abinsu da kansu. Sunan kuwa sun aro shi ne daga Strata, ƙungiyar makaɗan Detroit da Kenny Cox yake ciki. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Makaɗi ne zai biya sutudiyo da 'yan ƙungiyarsa, ya kawo tef a gama, kamfani ya ɗauki nauyin kai shi masana'anta da rarraba shi, ya cire ɗan kasonsa, sauran kuɗin da mallakar tef ɗin su zauna hannun mai kiɗa. A zamanin da kamfani ke riƙe tef har abada, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma tsarin yana da tasa illar. Tunda kowa da aljihunsa yake naɗi, wani a sutudiyo mai kyau, wani a kulob da 'yan makirufo kaɗan, babu sauti guda da za a ce na kamfanin ne. Ga kuma matsalar 'yan rarraba kaya: sai su karɓi faifai, su yi watanni ba su biya ba, wanda bai shiga ba su dawo da shi. Ko Winter in America na Gil Scott-Heron da Brian Jackson, wanda ya fito a 1974 ya fi kowane faifansu kasuwa saboda waƙar "The Bottle", ya nuna iyakar ƙaramin kamfani, domin faifan da ya karɓu yana buƙatar kuɗin sake bugu tun kafin kuɗin bugun farko su shigo. Lokacin kuma ya zo daidai da rikicin man fetur na 1973, robar faifai ta yi tsada, masana'antu da yawa suka koma narka tsofaffin faifai suna haɗawa da sabuwa. Wani ɓangare na hayaniyar da ake ji a tsohon bugu daga nan ya samo asali.

Sabon bugun ya gyara wannan ɓangaren. Injiniyan sauti Kevin Gray ne ya yanka sautin daga tef zuwa faifai, masana'antar RTI ta buga a kan roba mai nauyin giram 180. Kada nauyin ya ruɗe ka, ba shi ke kawo sauti mai kyau ba, amfaninsa faifai ya kwanta sosai. Abin da ke aiki shi ne tsabtar robar da hannun mai yankan.

In za ka sayi ɗaya tak, ɗauki Musa: Ancestral Streams na Cowell, na 1974. Fiyano ne kusan shi kaɗai, babu gangar da za ta rufe aibi, kuma a nan ne shirun sabuwar roba ke nuna kansa: a "Equipoise" kana jin amon kowace waya har ya mutu. Shi ne kuma faifan da zai tona asirin garmahonka. In ramin tsakiya ya ɗan kauce, ko bel ɗin da ke juya faifai ya saki, dogon amon fiyano zai riƙa rawa sama da ƙasa. Duba hannun allura yayin da faifai ke juyawa. In yana kai-komo gefe da gefe, laifin faifan ne, ka mayar a canza maka.

Live at Slugs' wani abu ne daban. An naɗe shi a watan Mayun 1970 a Slugs', wani ƙaramin kulob a Manhattan, Tolliver da Cowell da Cecil McBee a bes da Jimmy Hopps a ganga. Kiɗan yana da zafi, "Drought" musamman, amma naɗin kulob ne, kuma babu gwanin da zai fito da abin da tef bai kama ba. Waƙoƙin dogaye ne, don haka kusa da tsakiyar faifai, inda layin ke matsewa, ƙarar tirampet na iya tsagewa. Yawanci saitin allura ne. Gyara kusurwarta da takardar awo, ka sa nauyin da mai ƙera ta ya rubuta, wanda a galibin allurai bai wuce giram 1.5 zuwa 2 ba.

Izipho Zam na Pharoah Sanders, wanda aka naɗa a 1969 bai fito ba sai 1973, ba na sabon shiga ba ne. Saurare shi ta intanet tukuna.

Ko sabo ne fil, wanke faifan kafin juyin farko. Akwai ƙurar masana'anta a cikin layin, kuma ita ce mutane ke ɗauka lalacewar bugu ce. Ruwan da aka tace, burushi mai laushi, a bar shi ya bushe a tsaye, sannan a sa shi cikin rigar ciki mai shimfiɗar leda.