Kyautata zato ko fata mai tsari: wanne ya fi riƙe zuciya?

Mai kyautata zato cewa yake "komai zai daidaita." Hakan na rage fargaba, kuma ga abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar jiran sakamakon gwajin asibiti, yana da amfani ƙwarai. Inda yake gazawa shi ne ba ya faɗa maka abin da za ka yi gobe da safe. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Gabriele Oettingen ya nuna cewa yawan hango nasara a zuci kan rage ƙwazo, domin rai ya riga ya ɗanɗani abin da bai samu ba. In al'amari ya ci tura, sai mutum ya koma zargin kansa, wani ma har ya tuhumi imaninsa.

Fata kuwa, yadda masanin halayyar ɗan Adam Charles Snyder ya fayyace shi a 1991, sassa uku gare shi: buri takamaimai, hanyoyin cim masa, da yarda cewa za ka iya bin su. Rubuta buri ɗaya na mako guda, hanyoyi biyu ko uku, sannan cikas ɗin da ka fi tsoro da abin da za ka yi in ya taso. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar buri mai girman gaske, ko dogaro da hanya ɗaya tak. Tana toshewa, sai gwiwa ta yi sanyi. Fata mai tsari ne ya fi kusa da tawakkali, inda ake ɗaure raƙumi kafin a miƙa lamari ga Allah, shi ya sa ya fi ɗorewa.

Amma in baƙin ciki, rashin barci da ficewar sha'awar komai suka wuce mako 2, a ga likita, a ci gaba da addu'a tare da magani.