Ballotpedia da batun takarar Gwamna Beshear

Duk mai son ya auna ko Gwamnan jihar Kentucky, Andy Beshear, zai kai labari idan ya nemi shugabancin Amurka a 2028, ina ba shi shawarar ya fara da Ballotpedia, kundin bayanan zaɓe na intanet da aka kafa a 2007, wanda ake karantawa kyauta.

Abin da ya fi burge ni da wannan kundi shi ne yadda yake ajiye alƙaluma tsirara, ba tare da kambama kowa ba. A ciki mai karatu zai ga cewa Beshear, ɗan jam'iyyar Democrat mai matsakaicin ra'ayi, ya kayar da gwamna mai ci, Matt Bevin, a 2019 da ratar ƙuri'u 5,000 da 'yan kai kacal, sannan a 2023 ya doke Daniel Cameron da ratar kusan kashi 5 cikin 100, alhali kuwa Donald Trump ya lashe jihar da ratar fiye da kashi 30 a 2024. Da wannan ne magoya bayansa suke tinƙaho, kuma suna da hujja.

Sai dai kundin bai tsaya a abin da zai yi wa magoya baya daɗi ba, domin a nan ma za a tarar cewa mahaifinsa, Steve Beshear, ya mulki jihar daga 2007 zuwa 2015, wato ya gaji suna mai nauyi, kuma zaɓen gwamnan Kentucky ba ya haɗuwa da na shugaban ƙasa, wato nasarorin nasa ba a shekarun da Trump yake takara ya same su ba. Haka kuma majalisar dokokin jihar tana hannun 'yan Republican, kuma rinjayen da ya zarce rabin mambobi ya ishe su su tsallake shi duk lokacin da ya hau kujerar na-ƙi, lamarin da ya rage masa damar nuna abin da zai aikata da cikakken iko.

Inda kundin ya gaza ga mai karatun Hausa shi ne harshe, domin da Turanci aka rubuta shi, kuma shafukansa suna da tsawo. Ba ya kuma yin hasashe, don haka ba zai faɗa maka ko masu zaɓen fitar da gwani na Democrat za su karɓi mai sassauci ba, kuma a ganina wannan ce babbar jarrabawar da ke gaban Beshear bayan wa'adinsa ya ƙare a Disambar 2027.