Gargaɗi ga masu Boxer: an ci min dubu 34 a kan murfin kuloci

Jama'a, kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan ina gogewa, don wallahi kunya nake ji. Naira 34,000. Dubu talatin da huɗu a kan murfin kuloci da gaskit (takardar da ake sawa tsakanin murfi da inji don kada mai ya zuba), kuma yanzu haka babu murfin, babu kuɗin, babur yana jingine a zaure na ɗaure masa ciki da leda saboda ƙura.

Kafin wani ya ce min me ya hana ka kai wa bakanike: ni ba yau na fara taɓa babur ba. Shekara shida ina hawan Boxer BM100 ɗin nan, ni nake juye baƙin maina, ni nake canza fulogi. Murfin kulocin ne, na gefen dama, ya tsage ranar da akuya ta gitta min a hanyar Bakori. Tsagewar kamar zare, kusa da gindin kik, amma mai yana ɗiga. Kowa ya san kulocin Boxer cikin mai yake wanka, kuma duk man injin bai wuce lita ɗaya ba, ba abin da za ka bari ya yi ta tsiyaya ba ne. Na zaga shaguna a nan Funtua, na samu, amma da na ɗaga sai na ji shi shafal kamar murfin tukunya. Na kafe sai na asali, ɗan Indiya, ko da na hannu ne. Kafewar nan ce ta ja min.

A wani gurup na masu babura a Facebook na ga wani mai sayar da kayan gyara. Ya ce shagonsa yana wajen Ƙofar Ruwa a Kano. Da na yi masa magana, kun san abin da ya fara tambayata? Bai ambaci kuɗi ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, 100 ce ko 150? Don murfinsu ba ɗaya ba ne, kada in turo maka abin da ba zai hau ba." Wannan tambayar ce ta kashe min jiki. Har yanzu in na kwanta ita nake ji a kunnena. 100 ce ko 150. Ku gaya min tsakani da Allah, wa zai ji wannan ya kawo ɓarawo a ransa? Har shawara ya ba ni a saƙon murya, wai in samu kwali in zana siffar murfin, duk notin da na kwance in soke shi a gurbinsa, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Kuma gaskiya ne! Abin da ya fi ƙona min rai ke nan, mutumin ya san aikin.

Murfi 22,000, gaskit 2,500, kuɗin mota 3,500. Ya kama 28,000. Na tura.

Au, kafin in tura ma, sunan da ya fito a akawun ɗin ba nasa ba ne, sunan mace ne. Na tambaya, kada ku ce ban tambaya ba. Ya ce na maiɗakinsa ne, nasa yana da matsala. Sannan ya turo bidiyo yana riƙe da murfin yana juya shi, ga takarda an rubuta sunana da biro a kai. Ya ce, "Bari in yi la'asar in kai tasha." Mutum ya ce maka bari ya yi la'asar.

Kaya kuwa sun iso washegari, direba ya kira ni na je na karɓa. Murfi yana ta sheƙi. Ranar Asabar na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na juye mai, na cire kik, na saki wayar kuloci, na bi notina da sifana mai lamba 8 ɗaya bayan ɗaya, ina soke su a kwalin kamar yadda ya ce. Tsohon gaskit ya manne, na kusa awa ɗaya ina kankare shi da reza a hankali kada in ji wa fuskar injin ciwo. Sabon da ya turo kuwa, tun da na taɓa shi raina bai kwanta ba: laushi gare shi kamar kwalin sabulu, ramin noti ɗaya ma sai da na ɗan ja shi kafin ya daidaita. Uwargida tana wanke-wanke ta ce, "Anya wannan ba da almakashi aka yanka shi ba?" Na ce mata ta ji da kwanukanta. Allah Ya huci zuciyarta.

Na mayar da 'yan bututun nan biyu da ke saita murfi, na ɗaure notina a gicciye, kaɗan-kaɗan, ban matse ko ɗaya da ƙarfi ba. Aikina ba shi da aibu, wannan ko gaban wa zan faɗa. Na zuba sabon mai, na tayar. Minti goma lafiya lau. Da inji ya ɗau zafi sai ga mai yana gangarowa, ba ma ta bakin gaskit kaɗai ba, ta tsakiyar murfin.

Dattijon bakaniken layinmu ya zo, bai ce komai ba, ya sa bakin sukundireba ya karce fentin. Sai ga gam, irin mai haɗi biyun nan, an cike wata tsagewa da ta fi tawa tsawo, an goge, an fesa fenti. Ya ce, "Malam, ai gara naka."

To ga inda nake jin kunyar. Na kira mai kayan, na yi zaton zai kashe waya, sai ya ɗauka yana salati. Wai yaron shagonsa ne ya yi musanya, in dawo da shi, akwai sabo dal a kwali, in cika 6,000 kawai. Na mayar ta mota, na cika. 28,000 da 6,000, 34,000 ke nan, ban sa kuɗin man da ya zube ba, ban sa kuɗin mayarwa ba. Me ya sa na ƙara? Saboda ya ɗauki waya. Wallahi iyakar dalilina ke nan, ya ɗauki waya yana ba ni haƙuri.

Talata ya ce direba ya taso ta Gwarzo. A'a, Laraba ce, Talata cewa ya yi an yi musu rasuwa. Alhamis na wayi gari ya yi bulokin ɗina a WhatsApp da Facebook gaba ɗaya. Ɗan yayata da ke karatu a Kano ya wuni yana tambaya a inda ya kwatanta, babu wanda ya san shi. Murfin kuma ya koma hannunsa, na san fenti zai ƙara masa ya tura wa wani.

Hotunan hirarmu, rasit biyu, bidiyon nan mai sunana da saƙonnin muryarsa duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na rufe sunan matar, don ban san ko ita ma amfani ake da ita ba.

Kada ku tura kuɗi sai wani naku ya je ya riƙe kayan da hannunsa. In murfi na hannu ne kuma yana sheƙi, ku karce cikinsa. Dubu 34. Wanda ya ga wani yana tallar murfin BM100 mai sabon fenti da karcen sukundireba a tsakiyarsa, don Allah ya yi min magana.