Sharhi kan Debian da hukunce-hukuncen fasahar da aka gina shi a kansu

Debian ne tsarin da ke tafiyar da kwamfutar da nake aikina na yau da kullum a kanta, wato rubuce-rubuce, lissafi da ɗan abin da nake taɓawa na rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python. Na fara da fitowa ta 12, mai suna bookworm, wadda aka saki ranar 10 ga Yuni 2023, daga baya na koma ta 13, trixie, da ta fito ranar 9 ga Agusta 2025. Abin da ya fi jan hankalina shi ne kusan duk wani hali da tsarin ya nuna mini, na daɗi ko na takura, idan na bi sawunsa sai in tarar akwai lokacin da aka yi muhawara a kansa a bainar jama'a, aka yanke hukunci, aka kuma rubuta dalili. Ian Murdock ne ya kafa aikin a 1993, kuma har yau babu kamfanin da ya mallake shi. Masu aikin sa-kai ne ke gina shi, suna zaɓen shugaba duk shekara, suna da kwamitin fasaha mai raba gardama, idan kuma magana ta yi girma sai a kai ta gaban dukkan mambobi a kaɗa ƙuri'a.

Hukuncin farko da mutum zai ci karo da shi yana nan tun a wurin girkawa. Katin waya-fai na yawancin kwamfutocin hannu, da wasu katunan hoto da na sauti, ba sa motsi sai an loda musu wata ƙaramar manhaja daga kamfanin da ya ƙera su, wadda ake kira famwaya, kuma galibin kamfanonin ba sa sakin tushen rubutunta. Shi kuwa Debian tun 1997 yana da rubutacciyar yarjejeniya da jama'a cewa zai kasance manhaja mai 'yanci ɗari bisa ɗari, wadda kowa zai iya karanta tushenta, ya gyara, ya raba wa wasu. Saboda wannan alkawari, shekara da shekaru faifan girkawa na hukuma bai ɗauki famwayar da tushenta ke rufe ba, sai dai a wani faifai na gefe wanda baƙo ba lallai ne ya san da zamansa ba, har ta kai mutum yana buƙatar intanet kafin ya sauko da abin da zai ba shi intanet. A 2022 aka kai maganar gaban mambobi, kuma a farkon Oktoba aka sanar da cewa zaɓin da ya yi nasara shi ne a gyara yarjejeniyar kanta, a fitar da faifai guda ɗaya mai ɗauke da famwayar. Irin wannan gyara, bisa tsarin mulkinsu, sai da rinjayen uku bisa ɗaya, kuma an samu.

Ni na ci moriyar wannan hukunci kai tsaye. Da na tayar da kwamfutar daga filashi, mai girkawa ya gano katin waya-fai da kansa, ya jero sunayen hanyoyin sadarwar da ke kusa, na zaɓi tawa na sa lambar sirri, aiki ya ci gaba ba tare da na nemi wayar da zan jona ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a cuɗanya famwayar da sauran manhajoji ba. An buɗe mata sashe nata mai suna non-free-firmware a rumbun da ake sauko da manhajoji daga cikinsa, kuma duk wanda ya buɗe fayil ɗin /etc/apt/sources.list zai ga sunan a rubuce kusa da main, wato babban sashen manhajoji masu 'yanci, a ƙarshen layi. Wanda kuma aƙidarsa ba ta yarda da ita ba ko kaɗan yana iya rubuta firmware=never lokacin tayar da mai girkawa, a bar masa tsarinsa yadda yake so. Ina girmama waɗanda suka ƙi amincewa da gyaran, domin tsoronsu na cewa sassauci ɗaya kan buɗe ƙofar wani ba tsoron banza ba ne. Amma a ganina manhaja mai 'yanci da ba ta girkuwa a kan kwamfutar da ke hannun mutane ba ta 'yantar da kowa ba, kuma gara a gyara alkawari a fili da a riƙa zagaye shi ta bayan gida.

Hukunci na biyu shi ne wanda ya fi shafar rayuwata da tsarin kullum, wato daskarar da manhajoji. Sabon ƙunshi, wato manhaja da aka shirya don girkawa, yana fara shiga reshen unstable, idan ya yi 'yan kwanaki ba a samu babban aibi a cikinsa ba ya wuce zuwa testing, kusan duk bayan shekara biyu kuma a rufe ƙofa, a share watanni ana gyaran kurakurai, sannan a saki stable, wato tsayayyiyar fitowa irin su bookworm da trixie. Daga ranar nan lambobin manhajoji ba sa canzawa, sai gyaran tsaro da na manyan matsaloli. Bookworm ya zo da kanel ɗin Linux 6.1, wato zuciyar tsarin mai magana da sassan na'ura, da GNOME 43, fuskar da ake gani a allo, kuma a kansu na zauna har GNOME 48 ya fito a duniya. Wannan takura ce ta gaske, musamman ga wanda ya sayi sabuwar kwamfuta da kanel ɗin bai san sassanta ba, ko wanda yake ganin sabon fasali a wurin abokan aiki shi kuma ba shi da shi. Akwai mafita, domin rumbun backports yana kawo sabon kanel da wasu zaɓaɓɓun manhajoji, Flatpak kuma yana ba da damar girka sabuwar manhaja a keɓe ba tare da an taɓa gindin tsarin ba. Abin da na samu a madadin takurar shi ne kwanciyar hankali: ina rubuta umarnin apt, manhajar girkawa da sabunta ƙunshi, wato apt update, in bi shi da apt upgrade, in ga ƙunshi kaɗan sun sauko, in koma bakin aikina ina da yaƙinin cewa maɓallin da na sani jiya yana nan a wurinsa yau.

Masu Python za su gamu da wannan ra'ayi a wata siffa. A Debian 12, idan mutum ya rubuta pip install yana nufin ya zuba wani ƙunshi cikin Python ɗin tsarin, sai allo ya amsa masa da externally-managed-environment, ya ƙi, ya kuma nuna masa ya buɗe keɓantaccen muhalli da venv ko ya yi amfani da pipx. Dalilin shi ne manhajojin tsarin da dama suna dogara da wannan Python ɗin, kuma idan pip da apt suka riƙa rubutu a wuri guda ɗayan zai take aikin ɗayan. Na goyi bayan wannan hani, don saƙon ya faɗi abin da za a yi maimakon ya bar mutum a tsaye.

Amfanin jinkirin ya fito fili ranar 29 ga Maris 2024, lokacin da injiniya Andres Freund ya bayyana cewa an dasa ɓoyayyar ƙofa a cikin xz, manhajar matse fayiloli, a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1. Ya gano ta ne a kan reshen unstable, bayan ya lura cewa shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana jan kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya kamata. Gurɓatacciyar fitowar ta riga ta isa unstable da testing, amma stable yana kan 5.4.1, don haka ba ta taɓa kwamfutata ba. Sai dai adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren labarin, wato ƙofar ta samu hanyar kaiwa ga SSH ne ta wani faci da Debian da wasu rarrabe-rarraben Linux suka yi wa OpenSSH, manhajar SSH ɗin, don ya haɗu da laburaren systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin tsarin, shi kuma laburaren yana jawo na xz. Daga baya an sake rubuta facin yadda ba ya buƙatar wannan mahaɗa.

Ambaton systemd dole ya kai mu ga rigimar da ta fi kowace zafi a tarihin aikin na baya-bayan nan. A Fabrairu 2014 kwamitin fasaha mai mutum takwas ya yi kunnen doki, huɗu da huɗu, tsakanin systemd da Upstart kan wanda zai zama manhajar farko mai tayar da sauran hidimomi, sai shugaban kwamitin, Bdale Garbee, ya raba gardama da ƙuri'arsa ya zaɓi systemd. An kai ruwa rana, wasu tsofaffin mambobi suka ajiye muƙamansu, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan, wanda har yau yake fitowa ba tare da systemd ba. A matsayina na mai amfani, abin da na sani shi ne umarni ɗaya, systemctl status, yana gaya mini ko hidima tana aiki, yaushe ta tashi, da layukan ƙarshe na abin da ta rubuta, kuma wannan ya sauƙaƙa mini neman matsala ƙwarai. Damuwar masu adawa, cewa manhaja ɗaya tana tattara ayyuka da yawa a hannunta, ban ɗauke ta da wasa ba tun bayan abin da ya faru da xz.

Ƙaura daga 12 zuwa 13 ta tafi lami lafiya. Na karanta bayanan fitowa, na adana kwafin fayilolina, na mayar da kalmar bookworm zuwa trixie a fayil ɗin rumbu, na rubuta apt full-upgrade, sau ɗaya ko biyu ya tsaya ya tambaye ni ko zan riƙe saitin da na gyara da hannuna ko zan karɓi sabo, na sake tayar da kwamfutar na tarar da kanel 6.12 da GNOME 48. Canjin da ya kamata a sani shi ne /tmp, wurin ajiye fayilolin wucin gadi, yanzu yana zaune a cikin RAM, kuma zai iya cin har rabinsa, saboda haka mai ƙaramin RAM da ke zuba manyan fayiloli a can ya kiyaye, ko ya mayar da shi faifai da systemctl mask tmp.mount.

Hukuncin da har yanzu zuciyata ba ta gama kwanciya da shi ba shi ne na kwamfutoci masu bit 32. Tsofaffin tsare-tsare suna ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairu 1970 a cikin lamba mai bit 32, wadda za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038. Don kauce wa haka aka yi gagarumin aiki a trixie na faɗaɗa lambar zuwa bit 64 a gine-ginen da abin ya shafa, amma aka bar i386, ginin tsofaffin kwamfutocin PC masu bit 32, yadda yake domin tsofaffin manhajoji su ci gaba da gudana a kan sababbin kwamfutoci, aka kuma daina fitar masa da kanel da faifan girkawa. Na fahimci dalilin, domin kula da ƙunshi kusan 70,000 a kan gini da masu kula da shi suka yi ƙaranci ba ƙaramin nauyi ba ne, kuma a fitowar nan ce aka karɓi sabon ginin riscv64 a hukumance, wanda shi ma yana buƙatar hannuwa. Duk da haka, masu riƙe da irin waɗannan tsofaffin kwamfutoci galibi su ne waɗanda ba su da halin sayen sabuwa, kuma Debian yana cikin manyan tsare-tsare na ƙarshe da suka tsaya musu. Abin da ya rage gare su shi ne su zauna a kan bookworm, wanda tallafinsa na dogon zango zai kai tsakiyar 2028, kuma su duba ko na'urarsu tana iya ɗaukar bit 64, don da yawa daga cikin waɗanda aka girka wa i386 suna iyawa. Umarnin lscpu yana nuna haka a layukansa na farko.

Ina ba da shawarar Debian ga marubuci, ɗalibi, malami da mai kula da sabar da ke son kwamfutarsa ta tsaya a hali ɗaya na shekaru, da sharaɗin zai daure ya karanta bayanan fitowa kafin kowace ƙaura. Mai wasannin kwamfuta na zamani, ko wanda ya sayi na'urar da ta fito a watannin nan, Fedora ko wani tsari mai saurin sabuntawa zai fi dacewa da shi, ko kuma ya girka Debian ɗin ya jawo sabon kanel daga backports tun ranar farko.