Wane rumbu za ka kai jerin furotin ɗinka?

Duk ɗalibin da sabon jerin furotin (wato jerin amino acid ɗin da suka haɗa shi) ya faɗo hannunsa, abu biyu yake son sani: ɗan wane dangi ne, kuma mene ne aikinsa? Ni dai ba na ɓoyewa, InterPro nake fara zuwa, rumbun bayanan dangogin furotin a intanet. Cibiyar EMBL-EBI da ke Hinxton a Ingila ce ke riƙe da shi tun 1999, kuma kyauta ne. Ka liƙa jerinka a InterProScan, manhajarsa ta bincike, sai ya tambayo maka rumbuna fiye da goma a zama ɗaya, ya zana furotin ɗin kamar sanda, kowane rumbu da inda ya ja nasa layin. In uku ko huɗu suka yi baki ɗaya a wuri guda, hankali ya kwanta. In guda ne kaɗai ke magana, bi a sannu.

Pfam, ɗaya daga cikin rumbunan nan, ya rufe shafinsa, kayansa sun koma cikin InterPro, don haka kada ka wahalar da kanka. Rumbun PROSITE, wanda Amos Bairoch ya fara a 1988, dattijo ne, amma gajerun alamominsa sukan kama har furotin ɗin da ba ɗan dangin ba. Rumbun CDD na cibiyar NCBI ta Amurka ba laifi in dama can kake aiki.

Abin da na fi dubawa yanzu shi ne wa ya raɗa wa furotin suna, mutum ko na'ura. Lokacin digirina na biyu na yi BLAST, wato binciken jerin da suka yi kama da nawa, na kwafi sunan da ya fito a sama, na rubuta "kinase" (wani dangin furotin) da ƙarfin gwiwa. Malamina ya ɗora biro kan takardar, ya ce, "Ina aspartate ɗin HRD?" Wato amino acid ɗin da kinase ke buƙata don yin aikinsa. Babu shi. Siffar dangin tana nan, aikin ne babu. Ashe daga rumbun TrEMBL sunan ya fito, inda kwamfuta ke liƙa suna ba wanda ya duba. Rumbun Swiss-Prot ne mutane ke tantancewa da hannu.

Sai kuma 'yan damfara. Akwai masu karɓar kuɗin ɗalibai wai za su yi musu "nazari", alhali InterProScan ɗin nan na kyauta suke dannawa, wani ma ko E-value, ma'aunin da ke nuna ko kamannin na sa'a ne kawai, ba zai nuna maka ba. Manhajojin hira na AI kuwa sukan ƙirƙiro lambar dangi, su miƙo maka ba kunya. Duk lambar da aka ba ka, buga ta a InterPro da hannunka. PF00069 dai na dangin kinase ne. Fara gwaji da ita.